Mai shinge da mai noma a shari'ar rage cin wutar kwamfuta

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a kusurwar shagona da ke Mabera wadda na kasa rabuwa da ita, ko da yake rabona da kunna ta ya kai shekaru. Da ita na fara sana'ar buga wa ɗalibai takardu da koya wa yara aikin kwamfuta, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta, wadda masu gyara ke kira furosesa, Pentium 4 ce ta kamfanin Intel. Wanda ya taɓa aiki da irinta a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma kwanon rufi ke sauke wa mutum nasa a ka, ya san kukan fankarta, ya kuma san yadda takan ɗauke ɗif a tsakiyar aiki idan zafin ya fi ƙarfinta. Nakan cire murfin gefenta in kafa mata fankar ƙasa, ni kuma in koma ina fifita da kwali, domin idan ta mutu aikin ɗalibin da ya wuni tsaye a kaina ne zai salwanta. Idan NEPA ta ɗauke kuwa, man da janareta ke sha saboda ita yakan cinye abin da na samu a rabin wuni.

Yau kwamfutar tafi-da-gidanka ce a kan teburina, ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su bayan ofisoshin Turai da Amurka sun gama da su. Tana ɗauke da Core i5 ta zubi na huɗu, zuriyar da Intel ya raɗa wa suna Haswell ya fitar a 2013. An ƙera wannan furosesa a kan ma'aunin wat 15, alhali wasu daga cikin Pentium 4 na ƙarshe sun kai wat 115, kuma duk da haka ƙaramar ta fi tsohuwar aiki nesa ba kusa ba. Faifan sola da batiri guda suna riƙe ta daga hantsi har bayan la'asar ba tare da na ja igiyar janareta ba. Wannan tazara ce ta sa sana'ata ta tsaya da ƙafafunta, shi ya sa da na fahimci cewa wannan zuriya ta Haswell tana cikin waɗanda aka yi shari'ar mallakar ƙirƙira a kansu a jihar Tekzas ta Amurka, har aka yanke wa Intel biyan diyyar da ta haura dala biliyan 2, ban ɗauki zancen a matsayin rigimar Turawa da ba ta shafe mu ba. Na bi diddiginsa, kuma abin da na gani ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Kafin a shiga kotu ya kamata a san abin da ake rigimar a kansa. Furosesa tarin ƙananan makunnai ce da ake kira tiranzista, ɗaruruwan miliyoyi har zuwa biliyoyi, suna kunnuwa suna mutuwa bisa bugun wani agogo na ciki, kuma duk juyi ɗaya yana shan ɗan digon wuta da ke komawa zafi. Cin wutar yana ƙaruwa da saurin bugun agogon, amma ya fi ƙaruwa da ƙarfin wutar da ake ba ta, wato bolt, domin shi a lissafi ninka kansa yake yi. Idan aka sauke shi zuwa rabi, cin wutar yakan koma rubu'i, idan kuma daga bolt 1 aka sauko zuwa 0.8, kashi 36 cikin 100 ya tafi ke nan. Matsalar ita ce da raunin wuta makunnan ba sa juyawa da sauri, don haka dole a sassauta agogon tare da shi. Daga nan aka sami uwar dabarun duka: a riƙa ɗaga ƙarfin wuta da saurin agogo idan aiki ya yi nauyi, a sauke su idan ya yi sauƙi, kamar yadda mai injin ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa ke rage masa wuta idan fangali ya kusa cika. Sauran dabarun rassa ne, irin su tsayar da agogon sashen da ba ya aiki, da yanke masa wuta baki ɗaya, da haɗa manyan ƙwaƙwale da ƙanana a wuri ɗaya kamar yadda kamfanin ARM na Ingila ya gabatar a 2011, ta yadda ƙaramin aiki ba zai tayar da babban inji ba.

Injiniyoyi sun shafe kusan shekara 30 suna samun sauƙin wuta kusan a kyauta. A 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ƙanƙantar da tiranzista, ƙarfin wutar da take buƙata ma yana raguwa, saboda haka ana iya cusa ƙari ba tare da zafi ya ƙaru ba. Wajen 2005 wannan garaɓasa ta ƙare, domin makunnan sun yi ƙanƙantar da wuta ke yoyo ta cikinsu ko a kashe suke. A 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai bugu biliyan 4 a daƙiƙa da ya yi alkawari, kuma daga lokacin gasar ta tashi daga wa ya fi gudu ta koma wa ya fi tattali. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024. Ga wanda ke zaune a ƙasar da wutar da ake rarrabawa kan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 mafi yawan lokaci, ba abu ne mai wuyar ganewa ba cewa dabarar da ta rage ko da kaɗan a cikin wannan ta zama dukiya, kuma duk inda dukiya take sai an sami mai cewa tasa ce.

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai bayyana sirrin dabararsa dalla-dalla a rubuce, hukuma kuma za ta hana kowa amfani da ita ba da izninsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, bayan nan ta zama ta kowa. Labarin da ya fi nuna mini amfanin wannan ciniki shi ne na Transmeta, ƙaramin kamfanin da aka kafa a Kalifoniya a 1995. A shekarar 2000 ya fito da furosesa mai suna Crusoe da wata dabara da ya kira LongRun, wadda ke hawa da saukar ƙarfin wuta da saurin agogo mataki-mataki yayin da ake cikin aiki. A lokacin manyan kamfanoni gudu kawai suke tallatawa. Crusoe ba ta yi kasuwa yadda aka zata ba, domin ba ta da saurin da aka yi tsammani kuma an sami tsaiko wajen ƙera ta, amma ta farkar da kasuwa, kuma a 2003 Intel ya fito da Pentium M wadda ta mamaye fagen da Transmeta ya share. A Oktoban 2006 Transmeta ya maka Intel a kotu a jihar Delawaya, Intel ma ya rama da tasa ƙarar, sannan a Oktoban 2007 suka sasanta a kan dala miliyan 250, wato miliyan 150 nan take da miliyan 20 duk shekara har shekara 5. Kuɗin sun zo ne bayan kamfanin ya riga ya bar ƙera furosesa. A farkon 2009 aka sayar da shi, takardunsa kuma suka faɗa hannun Intellectual Ventures, kamfanin da sana'arsa tara irin waɗannan takardu ce. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ji ba daɗi, domin mutanen da suka hango matsalar tun kafin ta iso ba su ne suka ci moriyar maganinta ba.

Shari'ar Tekzas wani launi ce daban. Takardu biyu aka yi ta a kansu. Ta farko injiniyoyin kamfanin Freescale, mai ƙera irin waɗannan ƙwaƙwale, ne suka shigar da ita a 2006, kuma abin da ta ƙunsa duk mai sola a gidansa zai gane shi. A cikin furosesa akwai ma'ajiyar bayanai da ke mance abin da ke cikinta idan wuta ta yi ƙasa da wani mizani, alhali sauran sassan suna iya jure abin da ya fi haka rauni. Dabarar ita ce a san mizanin ma'ajiyar a ajiye shi, idan za a sauke wutar sauran sassan ƙasa da shi sai a juyar da ma'ajiyar zuwa wani layi na daban, kamar yadda muke juya firji daga wutar NEPA zuwa ta batiri don kada abin da ke ciki ya lalace. Ta biyu ta fito daga kamfanin SigmaTel, tana magana ne kan yadda wani sashe zai nemi a ƙara ko a rage saurin agogo. Freescale ya sayi SigmaTel a 2008, NXP na ƙasar Holan ya sayi Freescale a 2015, daga nan takardun suka koma hannun VLSI Technology, kamfanin da aka kafa a 2016 ƙarƙashin asusun zuba jari da Fortress ke gudanarwa. VLSI ba ya ƙera komai, ba ya sayar da komai, jarinsa takardu ne da lauyoyi.

A 2019 ya shigar da ƙara, kuma zaɓen wurin ba haka kawai ya zo ba. A lokacin garin Wako na Tekzas yana da alƙalin tarayya, Alan Albright, wanda tsohon lauyan irin waɗannan shari'o'i ne kuma ya yi suna wajen saurin kai su ga hukunci, har ta kai a 2021 kusan rubu'in sababbin ƙararrakin mallakar ƙirƙira na Amurka duka gabansa suke zuwa, sai a 2022 aka sauya tsarin rabon shari'o'in. A watan Maris na 2021 ayarin mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci, waɗanda ake kira juri, suka ce Intel ya biya dala biliyan 1.5 a kan takardar ma'ajiya da miliyan 675 a kan ta agogo. Lauyan Intel ya shaida musu cewa takardu ne da suka yi shekara 10 a kan kanta ba wanda ya yi aiki da su, aka kakkaɓe musu ƙura aka zo neman biliyoyi, lauyan VLSI kuma ya ce Intel ya sayar da furosesa kusan biliyan ɗaya da ke cin gajiyarsu. Wata guda bayan haka wani juri ya wanke Intel a shari'a ta biyu da aka nemi sama da dala biliyan 3, sannan a Nuwamban 2022 juri na uku a garin Ostin ya ɗora masa kusan dala miliyan 949 a kan wata takardar.

Abin da ya biyo baya ya fi hukuncin kansa koyarwa. Wasu sababbin kamfanoni biyu da ba a san su ba suka garzaya hukumar rajistar ƙirƙira ta Amurka suna neman a soke takardun biyu, kuma shugabar hukumar ta sami ɗaya daga cikinsu, OpenSky, da laifin wasa da tsarin shari'a saboda ya nemi kuɗi daga ɓangarorin biyu. Duk da haka a 2023 kwamitin hukumar ya ce abin da ke cikin takardun ba sabo ba ne idan aka duba ayyukan da suka gabace su. A Disamban shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rushe diyyar biliyan 2 ɗin: ta ce ba a tabbatar Intel ya taka takardar agogo ba, ta amince ya taka ta ma'ajiya, amma ta gano cewa masanin da VLSI ya kawo ya auna wutar da aka tattala ne da alƙaluman wani yanayin barcin furosesa wanda ba shi takardar ta shafa ba, don haka a sake lissafi. A Delawaya kuwa, da alƙali Colm Connolly ya matsa a bayyana ainihin mutanen da ke bayan VLSI, sai aka janye ƙarar da ke gabansa a ƙarshen 2022 ba tare da Intel ya biya ko sisi ba. A watan Mayun 2025 wani juri a Ostin ya yarda cewa Fortress ne ke juya VLSI da kuma kamfanin Finjan, wanda Intel ke da yarjejeniyar lasisi da shi tun 2012, abin da ya buɗe wa Intel ƙofar cewa ai tun farko yana da izni.

Na kai wa malaminmu wannan zance wata rana a zaure, bayan an tashi daga karatu tsakanin Magariba da Isha'i, domin ina son in san ko shari'armu ta san mallakar abin da ba a iya riƙewa a hannu. Ya saurare ni har na dire, sannan ya ce, "Ɗana, wanga zance ai na raya matacciyar ƙasa ne." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ta yaya?" Sai ya kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce, ya kuma bayyana cewa malaman Malikiyya sun lissafa abin da ake kira rayawa, kamar fitar da ruwa da gini da dasa itace da sassabe da huɗa, suka ce kewaye fili da shinge kaɗai ba ya cikin lissafin. Ya ƙara da abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa mai killace fili ba shi da haƙƙi bayan shekara 3 idan bai raya shi ba. Game da asalin tambayata kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta riga ta yanke a zamanta na Kuwait a Disamban 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, kuma ba ya halatta a taka ta.

Abin da ya ba ni mamaki bayan na koma na duba shi ne dokarmu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1970, tana da kusan wannan ruhi. Idan shekara 4 ta wuce daga shigar da buƙata, ko shekara 3 daga bayar da takarda, kuma mai ita bai sa dabarar a aiki ba, wani na iya zuwa kotu ya nemi a ba shi lasisi ko mai takardar bai so ba. Dokar Amurka ba ta da wannan sharaɗi, mutum na iya riƙe takarda shekara 20 bai ƙera ko allura ba. Abin da Kotun Ƙolinsu ta yi a 2006 a shari'ar eBay shi ne ta rage sauƙin da irin waɗannan masu takardu ke samu na hana wani sayar da kayansa, amma diyyar kuɗi tana nan.

Sai dai ma'aunin Malam yana buƙatar a yi hattara wajen ɗora shi, kuma shari'ar Jami'ar Wiskonsin ce ta nuna mini haka. Farfesa Gurindar Sohi da ɗalibansa uku sun gano hanyar da furosesa za ta yi hasashen wane umarni ne zai jira sakamakon wani da wanda zai iya wucewa gaba, don kada ta ɓata lokaci da wuta tana maimaita aiki, aka ba su takarda a 1998. Gidauniyar binciken jami'ar, wadda tun 1925 take mayar da irin waɗannan kuɗi ga bincike, ta kai Intel ƙara a 2008 aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 110. Ta kuma kai Apple, juri ya ba ta dala miliyan 234 a 2015, alƙali ya ɗaga zuwa miliyan 506 a 2017, sannan a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe komai saboda fassarar kalma ɗaya a cikin takardar, wato ko hasashen ya keɓanta da umarni guda takamaimai ko yana iya haɗa da yawa. Jami'a ba ta da masana'anta, kamar yadda VLSI ba shi da ita, amma babu mai adalcin da zai kira ta mai shinge, domin ita ta yi sassaben. Saboda haka a ganina tambayar da ta dace ita ce ko kuɗin da ake karɓa suna komawa inda aka yi gumin, su haifar da wani binciken, ko kuwa kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ba na kuma son a fahimce ni a matsayin mai kare Intel, domin wanzami ne da ba ya son jarfa. Ya sha jan ƙananan abokan hamayya zuwa kotu da nasa takardun, kuma a 2009 ya biya abokin hamayyarsa AMD dala biliyan 1.25 don kashe ƙararrakin danne kasuwa da na mallakar ƙirƙira. Kamfanin da cinikinsa ya kusa dala biliyan 78 a 2020 yana iya jan shari'a har mai ƙara ya talauce, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan VLSI: idan babu mai aljihu mai zurfi da zai sayi takarda ya tsaya mata, ƙaramin mai ƙirƙira ba zai taɓa ganin haƙƙinsa ba, kuma NXP yana da kaso a abin da aka samu. Na yarda da wannan har zuwa wani matsayi, shi ya sa ban ga laifin sayar da takarda ba, yadda ba laifi ba ne manomi ya sayar da gonar da ya raya. Inda na tsaya shi ne wurin awo da wurin ɓoye fuska. Furosesa ɗaya tana ɗauke da dubban dabaru masu takarda, kuma kowace tana iya cewa ba don ita ba da aikin bai tafi daidai ba, kamar yadda mai azara da mai ƙofa da mai indararo kowannensu zai iya cewa ba don shi ba gida bai zaunu ba. Idan aka biya kowannensu kuɗin rabin gida, babu maginin da zai sake aza tubali. Wanda kuma ya zo neman biliyoyi a gaban alƙali, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya faɗi sunan masu kuɗin da ke bayansa.

Farashin kwamfutar hannu irin tawa canjin dala da kuɗin kwastan ne ke juya shi, amma a wayar salula rigimar ta fi kusa da aljihunmu. A faɗan Qualcomm, mai yin furosesar waya, da Apple, wata kotu a Miyunik ta hana sayar da iPhone 7 da 8 a Jamus a Disamban 2018 saboda wata dabara ta tattalin batiri yayin da waya ke aika saƙo ta iska, kuma a Maris na 2019 juri a San Diyego ya yanke dala 1.41 a kan kowace waya saboda takardu uku, kafin su sasanta a watan Afrilu. Ga mai sayen iPhone wannan ba komai ba ne, amma a canjin 2025 ya haura naira 2,000, kuma wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sayar da albasa daga Illela ko Kware yana taya ƙaramar Itel ya san cewa a kan abin da bai kai haka ba ciniki ke watsewa. Takarda iyakar ƙasa gare ta, wadda aka yi wa rajista a Amurka ba ta da iko a Sakkwato, kuma wannan yana cikin abin da ya sa wayoyi masu araha suka yalwata a Afirka. Amma a 2024 Qualcomm ya kai Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ƙara a Indiya, kuma kamfanin da aka ɗora wa kuɗin lasisi a wata kasuwa ba zai rasa hanyar raba nauyin ga sauran kasuwanninsa ba. Mutanen da suka fi kowa buƙatar batiri mai daɗewa, waɗanda ke biyan mai caji a bakin kasuwa kullum, su ne mafi ƙarancin iya ɗaukar ƙarin.

Akwai kuma gefen da ya shafe mu a matsayin masu ƙirƙira, ko da yake mun saba ɗaukar kanmu masu saye kawai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Binciken Makamashi tun 1982, kuma matsalolin da ke gabanmu, wato na'ura ta yi aiki a zafin da ya haura digiri 40 da ƙurar hunturu da wuta mai zuwa tana ɗaukewa, matsaloli ne da injiniyan Kalifoniya bai taɓa kwana da su ba. Rajistar ƙirƙira a Abuja take ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci da Zuba Jari, kuma ba ta bincika ko dabarar sabuwa ce, tana duba cikar takardu ne kawai, ta bar wa Babbar Kotun Tarayya sauran idan rigima ta taso. Wannan yana sa samun takarda ya yi sauƙi, yana kuma sa ta yi rauni, irin raunin da ya sa aka soke na VLSI a ƙasar da ma ake bincike. Hukumar NOTAP, mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, tana taimaka wa masu bincike wajen shigar da buƙata, kuma tun 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar da ke ba mutum damar buɗe neman kariya a ƙasashe da yawa da buƙata ɗaya.

A makon da ya wuce wani ɗalibin injiniyanci ya kawo mini kundin kammala karatunsa in buga masa. Yana duba shafukan a kan allon Haswell ɗin nan, na lura aikin nasa a kan wata 'yar na'ura ce da ke rage wa fanka da firji wuta a hankali idan batirin sola ya fara rauni, maimakon ta yanke gaba ɗaya, kuma ya ce yana shirin ɗora bidiyon yadda ya haɗa ta a Facebook da zarar ya kare kundin. Na ce masa, "Ƙanena, dakata tukuna." Na bayyana masa cewa a dokarmu duk abin da aka riga aka bayyana wa jama'a kafin ranar shigar da buƙata ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya bayyana, kuma haƙƙin yana zuwa ne ga wanda ya riga shigarwa. Ya ce, "Malam, ai ban ɗauka irin namu ma ana yi musu takarda ba." Na ce ya fara zuwa wurin malamin da ke duba aikinsa su bincika ko wani ya riga shi, su kuma fayyace a rubuce mene ne nasa, mene ne na makaranta. Ya karɓi filashinsa, ya ce in riƙe bugun babi na huɗu, wanda zanen na'urar ke ciki, har sai ya dawo ranar Litinin.